Kyamarar ganin zafi ta jikin waya: tana nuna wurin, amma kar ka rantse da lambarta

'Yan lantarki da masu gyaran injina a masana'anta da ke ta tambaya ko 'yar kyamarar nan ta ganin zafi da ake maƙalawa a gindin waya tana aiki ko kayan wasa ce, ga abin da na gani bayan na daɗe ina fama da ita a wurin aiki. Tawa mai USB-C ce, da kyar ta kai akwatin ashana girma, ba ta da batir nata, wayar ce ke ba ta wuta. Sensa ɗinta 256 x 192 ne, wato fiksel 49,152, kuma kowane fiksel ma'aunin zafi ne mai zaman kansa. Bindigar auna zafi da muka saba da ita wuri ɗaya take karantawa ta ba ka lamba ɗaya, wannan kuwa fanel ɗin lantarki gaba ɗaya take zuba maka a sikirin, inda ya yi zafi ya fito da haske.

Abin da ya sa irin waɗannan kyamarori suka ƙanƙance haka shi ne sensa ɗin da ake kira maikurobolomita, wanda ba ya buƙatar a sanyaya shi kamar na wasu manyan kyamarori, yana kama hasken infared mai tsawon maikuron 8 zuwa 14, wanda duk abu mai ɗumi ke fitarwa. Tawa tana ba da hoto 25 a daƙiƙa, shi yasa in kana yawo da ita hoton ba ya tsinkewa. Akwai waɗanda ba sa kai 9 a daƙiƙa saboda dokar Amurka kan fitar da irin wannan fasaha waje, na riƙe irinsu, suna aiki amma sai ka riƙa tafiya da hannu a hankali.

A fanel ne ta fi burge ni gaskiya. Ka buɗe murfi ka haska layi ukun nan da suka shiga bireka ko kwantakta, in lodinsu ɗaya ya kamata kalarsu ta zo ɗaya, da zarar ɗaya ya fita daban ka san akwai magana. Kuma yadda zafin ya kwanta ma yana faɗa maka ciwon: in ya taru a kan noti sannan yana raguwa yayin da kake bin kebul ɗin, to haɗin ne ya yi sako-sako ko ya yi tsatsa, in kuma kebul ɗin ne ya ɗau zafi tun daga farko har ƙarshe bai ɗaya, to lodi ne ya yi masa yawa ko kebul ɗin ya yi ƙanƙanta, sai ka ɗauko mita ka maƙala ka ga amfiya nawa yake ja. Na kama wani haɗi a kwantaktan famfo da ya fi 'yan uwansa biyu zafi nesa ba kusa ba, a ido lafiyarsa ƙalau, ba ƙauri ba baƙi, da aka kashe wuta aka taɓa notin ashe da yatsa ma yana juyawa. A jadawalin NETA, ƙungiyar masu gwajin kayan lantarki da ke Amurka, bambancin da ya wuce digiri 15 na ma'aunin Celsius tsakanin abubuwa iri ɗaya masu lodi iri ɗaya babbar matsala ce da ake gyarawa nan take. Sai dai fa dole injin ya kasance yana aiki, ana so lodi ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na cikakken lodinsa, in ka zo lokacin da aka tashi daga aiki komai zai fito maka lafiya lau, ka koma kana murna a banza.

Boris ɗin moto ma haka, ka kwatanta na gaba da na baya, ko moto biyu masu aiki iri ɗaya, wanda giris ya ƙare masa ko bel ya matse shi da yawa zai tona kansa. Kuma zafi ba abin wasa ba ne ga moto, ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 sama da ƙima yana cinye kusan rabin rayuwar rufin wayar da aka naɗa a ciki. Tana nuna iyakar ruwa a tanki daga waje, tana nuna inda rufin bututun tururi ya lalace, waɗannan duk ta yi.

Yanzu maganar lamba, nan ne mutane ke ruftawa. Kyamarar ba zafi take taɓawa ba, hasken da ke fitowa daga jikin abu take karantawa sannan ta yi lissafi, kuma ba kowane abu ke fitar da hasken daidai da zafinsa ba. Fenti, roba, baƙin salatif na lantarki, waɗannan suna fitar da kusan 0.95 a ma'aunin fitar da haske da ke tsayawa a 1, shi ne ma saitin da take zuwa da shi. Amma jan ƙarfe ko alminiyam mai sheƙi ko 0.1 ba ya kai wa, madubi ne kawai a wurinta, sandar jan ƙarfe tana iya yin zafin da za ta ƙona ka kyamara ta ce maka sanyi ƙalau, ko kuma ka ga wani tabo mai ɗumi a jikinta ashe inuwar jikinka ce. In ka matsa gefe tabon ya bi ka, ba zafi ba ne. Dabarar ita ce a auna a kan rufin kebul dab da haɗin, ko a manna salatif a wurin lokacin da wuta take kashe don gaba. A takarda sun ce kuskurenta digiri 2 sama ko ƙasa, ko kashi 2 cikin 100, na gwada ta da ma'aunin da ake mannawa a kan abu mai fenti kuma ba ta yi nisa ba, amma wannan alkawarin na kusa ne da kuma saiti daidai. Ka ja baya mita da yawa ka haska ƙaramin noti, fiksel ɗaya ko biyu ya faɗa, sai ta gauraya shi da sanyin bayansa ta ba ka lambar da ta yi ƙasa. Ana so abin ya cika aƙalla fiksel 3 x 3.

Ba ta gani ta cikin gilashi, ko murfin roba mai garai-garai da ke gaban wasu fanel, shi yasa ma idonta na jamaniyam ne ba gilashi ba. Ƙarar "ƙas" da take yi lokaci-lokaci hoto ya tsaya ɗan kaɗan ba lalacewa ba ce, saita kanta take yi.

Abin da ya ban haushi kuwa manhajar ce. Tana neman izinin abubuwan da ban ga haɗinsu da auna zafi ba, rahoton da take fitarwa ba abin da za ka miƙa wa oga ba ne sai ka sake zama a kwamfuta ka gyara, wani lokacin in ka cire ka mayar sai ka rufe manhajar ka sake buɗewa kafin ta gane ta. Tana shan caji sosai, wayar ta yi zafi a hannu, dole ka cire rigar waya kafin ta shiga, ga shi ba a juya idonta a saita gani, kuma da safar hannu ta lantarki taɓa sikirin wahala ne. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne tsayawa gaban buɗaɗɗen fanel mai wuta da waya a hannu, ƙanƙantarta tana sa mutum ya riƙa matsawa kusa bai sani ba, tartsatsin wuta kuwa ba ruwansa da girman kyamararka, kayan kariya dole ne.

Tun 2023 da NFPA 70B, takardar Amurka kan kula da kayan lantarki, ta tashi daga shawara ta koma ƙa'ida, har da duba kayan lantarki da infared aƙalla sau ɗaya a shekara, maganar irin wannan awo ta ƙara ƙarfi. Amma aikin da inshora ko masu bincike za su karɓa yana son kyamara mai takardar shaidar saiti da mutumin da ya yi horo, tawa ba ta zo da wannan takardar ba, don haka ban sa ta a wannan layin. Don zagayen yau da kullum, neman inda matsala take kafin a kira masu babbar kyamara, ta biya ni, kuma zan ce ma duk mai gyara ya mallaka. In za ka ɗauka kar ka sauka ƙasa da 160 x 120, ka tabbatar manhajar tana bari a canza saitin sheƙin nan da ma'aunin nisa, sannan ka haɗa da 'yar igiyar ƙari ta USB-C don leƙa bayan moto ba sai ka cusa wayar gaba ɗaya ba.