Sharhi: manhajar gane bindiga ta hoto, bayan na gwada ta da fina-finan 'yan sandan ciki

Abin da ya kai ni ga sauke manhajar nan gardama ce. Muna sake kallon Beverly Hills Cop, fim ɗin barkwanci na 1984 wanda Eddie Murphy ya fito a matsayin Axel Foley, ɗan sandan ciki daga Detroit, sai abokina ya dage cewa ƙaramar bindigar da ke hannun Axel ita ce Colt 1911. Ni kuma idona bai yarda ba, amma ba ni da hujjar da zan kafa masa. Ranar na nemo wata manhaja ta waya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka ba ta hoton bindiga ta faɗa maka sunanta da kamfanin da ya ƙera ta. Ba zan kama sunanta ba, domin ba talla nake mata ba, ba kuma ɓatanci ba. Na yi makonni ina amfani da ita, na ba ta hotuna da dama, kuma ga abin da na gani.

Aikinta ba wuya. Ka tsayar da fim a inda bindigar ta fito, ka ɗauki hoton allo, ka yanke gefe da gefe, ka tura mata. Kafin ka ƙifta ido ta kawo suna, da hoton bindigar a kwance tsaf, da ɗan taƙaitaccen tarihi. Wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi a kansa.

Hoton farko da na ba ta na Axel ne a wuri mai ɗan duhu, yatsunsa sun rufe mariƙin gaba ɗaya. Ta ce 1911 ce, kuma ta faɗa ba tare da ko alamar shakka ba. Abokina ya ji daɗi. Sai na koma na nemo wani wurin da aka nuno bindigar ta gefe cikin haske, na sake turawa, ta ce Browning Hi-Power. Wannan amsar ta biyu ita ce gaskiya. Kuskuren farko kuwa yana da dalili, domin bindigogin biyu 'yan gida ɗaya ne. John Browning ne ya tsara 1911, shi ne kuma ya fara aikin Hi-Power kafin ya rasu a 1926, sai Dieudonné Saive ya ƙarasa ta a kamfanin FN da ke Herstal a ƙasar Beljiyam, ta fito a 1935. Daga nesa kamar tagwaye suke. Idan ka matso sai bambanci ya bayyana. Murfin saman Hi-Power, wanda yake ja da baya idan an harba, yana sirancewa daga gaba kusa da baki. Mariƙinta ya fi kauri saboda harsasai 13 masu faɗin milimita 9 da take ɗauka a layi biyu, alhali asalin 1911 guda 7 take ci a layi ɗaya. Sannan 1911 tana da wani makullin kariya a bayan mariƙi wanda tafin hannu ke dannawa, Hi-Power ba ta da shi. Ko kunamarsu ba iri ɗaya ba ce: ta 1911 tana zamewa baya a miƙe, ta Hi-Power kuwa lanƙwasasshiya ce mai lilo.

Duk wannan manhajar ba ta gaya mini ba. Suna kawai ta ba ni da tarihi, ni na zauna na jera hotunan biyu ina dubawa har na gano. Nan ne babban abin da nake ganin ta gaza. Mai son sanin bindigar da ya gani a fim yana buƙatar a nuna masa alamar da aka duba aka yanke hukunci, ko da da'ira ce a zana a kan hoton. In ba haka ba, ya zai bambance ranar da ta yi daidai da ranar da ta yi kuskure, tunda da murya ɗaya take faɗar duka biyun?

Tarihin da take kawowa dai yana da amfani, kuma abin da na bincika a ciki na same shi daidai. A nan na fara sanin cewa a Yaƙin Duniya na Biyu ɓangarorin biyu duk sun riƙe Hi-Power: Jamusawa sun ci gaba da ƙera ta bayan sun mamaye Beljiyam a 1940, kamfanin Inglis kuma yana ƙera wa sojojin ƙawance a Kanada. Sojojin Birtaniya sun daɗe da ita har zuwa 2013 da suka koma Glock 17.

Daga nan na koma Lethal Weapon na 1987, wanda shi ma bai rasa raha ba duk da harbe-harben da ke cikinsa. A nan ta yi ƙoƙari sosai. Bindigar Riggs, wanda Mel Gibson ya fito a matsayinsa, ta gane ta nan take: Beretta 92F. Ba abin mamaki ba ne, don saman murfinta a buɗe yake, kana hango bututun a fili, ƙirar da ba kasafai ake samunta a wasu ba. Ta abokin aikinsa Murtaugh, wato Danny Glover, libarba ce, wato mai gangar harsasai da ke juyawa, ta Smith & Wesson samfurin 19, ita ma ta kawo ta daidai a gwaji na biyu. Abin da ya burge ni a nan ya wuce manhajar. Da na san sunayen sai na fahimci cewa masu shirya fim ɗin da gangan suka raba musu makamai haka. Matashin da ba ya jin tsoron mutuwa an ba shi bindigar zamani mai cin harsashi 15, wadda rundunar sojan Amurka ta ɗauka a 1985, shekara biyu kacal kafin fim ɗin. Dattijon da ke ƙirga kwanakin ritaya kuma an bar masa mai harsashi shida irin ta mutanen da. Akwai ma wurin da su biyun suke kwatanta bindigoginsu, wanda na sha kallo ba tare da na kama ma'anarsa ba. Yanzu na kama, kuma wannan kaɗai ya sa ban yi nadamar wahalar ba.

Inda ta fi tuntuɓe shi ne 'yan gajerun libarba masu bututu kamar inci biyu, waɗanda kusan kowane ɗan sandan ciki a tsofaffin fina-finan Amurka yake sokewa a ƙugu ko a ƙarƙashin kwat. Biyu ne suka fi shahara: Colt Detective Special ta 1927 mai harsashi shida, da Smith & Wesson samfurin 36 da ta fito a 1950 mai harsashi biyar. Na ba ta hotuna daga wani tsohon fim na barkwanci, hoto ɗaya ta ce Colt, na gaba ta ce Smith, alhali bindiga ɗaya ce a hannun mutum ɗaya. Abin da ya raba mini gardama shi ne ɗan maɓallin buɗe gangar harsasai da ke gefen hagu. Na Colt ja ake yi baya, na Smith turawa ake yi gaba, kuma siffarsu ta bambanta. Gangar ma ba gefe ɗaya suke juyawa ba: idan kana bayan bindigar, ta Colt tana bin hannun agogo, ta Smith tana saɓa masa. Hoto a tsaye ba zai nuna maka juyawa ba, sai ka saki fim ɗin a hankali. Manhajar kuwa ba ta karɓar bidiyo, kuma ina ganin wannan rashi ne babba ga abin da yawancin masu amfani da shi daga fim suke ɗauko hotunansu.

Haka take rikita Beretta 92F da Taurus PT92 ta Brazil. Su ma akwai dangantaka, domin Taurus ta sayi masana'antar Beretta da ke São Paulo a 1980. Makullin kariya ne ke tona asiri: na Beretta yana kan murfin sama, na Taurus yana ƙasa a jikin gangar jikin bindigar. Glock kuwa tana gane cewa Glock ce, amma sai ta ƙara da lambar samfuri da ƙarfin hali, alhali 17 da 22 girmansu ɗaya, faɗin harsashi ne ya raba su, wanda ido ba zai gani a hoton fim ba. Da ta tsaya a kan sunan kamfani da ya fi mata mutunci.

Akwai kuma abin da ba laifinta ba ne kai tsaye, amma ya kamata a ce waɗanda suka gina ta sun yi la'akari da shi. Bindigar fim ba kullum ita ce bindigar da labarin yake nufi ba. Harsashin da ake harbawa a fim ba shi da kai, hoda ce kawai, don haka bindigogi masu loda kansu sai an yi musu gyara a cikin bututu kafin murfin ya ja baya. Shekaru da dama irin wannan harsashin na 1911 ba ya aiki yadda ake so, sai masu kula da makaman fim suka riƙa sa Star samfurin B ta Sifaniya a madadinta, saboda kamar da suke yi kuma tana cin milimita 9. Ana gane ta da ɗan ƙarfen fitar da kwanso da ke bayyane a gefen dama, da rashin makullin bayan mariƙi. A wuraren gudu da faɗuwa da dambe kuma ta roba ake ba ɗan wasa, don kada ya ji ciwo. Fim ɗin barkwanci yakan cika da irin waɗannan wuraren, bindiga ta faɗi, a yi jifa da ita, a buga wa wani a ka. Idan ka tura mata hoton irin wannan wurin, za ta ba ka sunan bindigar gaske ba tare da ta lura kunamar a manne take da jiki ba. Ko a jikin fosta ma akan juya hoto, ramin fitar kwanso ya koma hagu, ita kuma ba ta faɗakar da kai.

Wani abu ɗaya na yaba mata ƙwarai. Ba ta koyar da harbi, ba ta nuna inda ake saye, kuma duk bayanin da ta kawo tana rufe shi da gargaɗi cewa ko harsashi marar kai yana kisa daga kusa. Wanda ya san yadda ɗan wasan fim Brandon Lee ya rasu sakamakon harbi a wurin ɗaukar fim a 1993 ya san wannan gargaɗin ba ado ba ne.

Har yanzu tana cikin wayata. Yadda nake yi da ita yanzu shi ne, ba na tura hoto ɗaya, sai uku daga wurare daban-daban na fim ɗin, kuma dole ɗaya ya nuna gefen hagu inda maɓallai suke. Idan amsoshin uku suka zo ɗaya, na karɓa. Idan suka saɓa, sai in ɗauki sunayen da ta kawo in jera su da hoton in duba makulli, da kunama, da bakin murfi da kaina. Abokina ya sauke ta shi ma, kuma ya riga ya turo mini hoton wata doguwar bindiga daga wani fim ɗin, wadda ta ba shi sunaye biyu a kanta.