Shafin Behind the Name ga mai neman sunan ɗa namiji da ba a cika ji ba

Iyayen da suka zaɓi raɗa wa ɗansu sunan da ba kowa ke da shi ba sukan so su tabbatar da abu biyu tun kafin su yanke shawara: ko da gaske sunan bai yaɗu ba, da kuma yadda masu shi na asali suke furta shi. Shafin intanet na Behind the Name, wanda Mike Campbell ya kafa a 1996, yana cikin wuraren da na fi amincewa da su a kan wannan, kuma shiga cikinsa kyauta ne, sai dai da Turanci aka rubuta shi.

Inda ya fi ƙarfi shi ne asalin suna. Idan aka nemi Tadhg, alal misali, shafin zai nuna cewa tsohon suna ne na mutanen Ayilan mai ma'anar mawaƙi, ya kawo dangogin sunan, sannan ya bayyana cewa ana kiransa kusan "Taig", abin da mai kallon haruffan nan biyar ba zai taɓa zata ba. Duk wanda ya san wahalar yaron da malamai ke tuntuɓe da sunansa kullum idan an zo kiran rajista zai gane darajar wannan bayani.

Wajen alƙaluman farin jini kuwa, dole mai karatu ya yi hattara, domin shafin ba shi ne yake ƙidayar ba, daga hukumomin ƙasashe yake ɗebowa. Na Amurka suna fitowa ne daga hukumar da ke kula da lambobin inshorar jama'a, wadda bayananta suka faro daga 1880, kuma jerin da aka fi yaɗawa sunaye 1,000 na farko ne kawai. Tadhg ba ya cikinsu, alhali a Ayilan yana cikin sunayen da aka fi sa wa yara maza a shekarun nan. Ke nan ƙarancin suna ya danganta da ƙasar da yaron zai tashi, kuma na yaba da yadda shafin yake ware kowace ƙasa da nata jadawalin, har mutum ya ga shekarun da suna ya hau da waɗanda ya sauka. Akwai kuma iyakar da hukumomin kansu suka gindaya don kare sirrin jama'a: Amurka ba ta fitar da sunan da aka sa wa yara ƙasa da 5 a shekara, Ingila da Wales kuma ba sa fitar da wanda bai kai 3 ba. Saboda haka sunan da ya fi kowanne ƙaranci, wato irin wanda iyayen nan ke nema, shi ne wanda ba za a sami adadinsa ba ko kaɗan. Haka kuma kowace irin rubutawa ana ƙirga ta daban. Muhammad ya zo na ɗaya a sunayen maza a Ingila da Wales a 2023, ba tare da an haɗa shi da Mohammed ko Mohammad ba, don haka suna yana iya zama kamar baƙo a jadawali alhali rubutunsa kawai aka ɗan sauya.

Lafazi a rubuce yana da iyaka. Shafin yana amfani da alamomin sauti na masana harshe, waɗanda daidai suke, amma wanda bai koye su ba zai dube su ne kawai ya wuce. A nan shawarata ita ce a haɗa da shafin Forvo, inda masu harshen da kansu suke naɗar murya, a saurari mutum biyu ko uku, domin karin harshe yakan bambanta ko a cikin ƙasa ɗaya.

Akwai kuma sashen sunayen da masu ziyara suka aika, kuma sunaye da dama marasa yawa a can kaɗai suke. Shafin da kansa ya yi gargaɗin cewa bai ba da tabbacin ingancinsu ba, don haka duk ma'ana ko lafazin da aka samu a wannan sashe ya kamata a tambayi wanda ya tashi da harshen kafin a rubuta sunan a takardar haihuwa.