Kundin tsarin mulki ko littafin tambaya da amsa: wanne za ki saya wa yaron?

Hajiya, kin ce darasin gwamnati ya sha wa ɗanki kai, kina tambayar wanne za ki saya masa. Tunda kuɗin guda ɗaya ne a hannunki, saya masa kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, ki ƙyale ɗan littafin tambaya da amsar nan. Duka biyun akwai su a gidana, na kuma san wanda aka ci moriyarsa.

Kundin na sayo shi ne lokacin babbar 'yata tana aji biyu a babbar sakandare, ita ma darasin gwamnati ne ya sha mata kai kamar ɗanki. Da farko ko kallonsa ba ta yi, wai sashe 320 wa zai iya. Na ce mata ba haddace shi za ki yi ba, buɗe Babi na Huɗu kawai, daga sashe na 33 zuwa na 46, nan aka jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Wata rana da daddare aka yi kame a layinmu, aka haɗa da ɗan maƙwabciyarmu yana dawowa daga shagon ɗinki. Uwar ta shigo mana tana kuka, ba ta ma san inda za ta dosa ba. Sai yarinyar nan ta ɗauko kundin, ta buɗe sashe na 35, tana karantawa tana mayar mana da Hausa: dole a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, yana da ikon ya yi shiru sai ya ga lauya, in akwai kotu cikin nisan kilomita 40, kwana ɗaya ne a gabatar da shi. Ta kwafe wa kawun yaron a takarda, da safe ya tafi da ita, ya yi magana cikin ladabi. Ba zan rantse cewa takardar ce ta fito da shi ba, amma kafin la'asar yana gida. Har yau matan layin "lauya" suke kiranta, ita kuwa aikin jinya ta karanta.

Ga jarrabawar ma yana biya. Rabon iko da ake ta tambaya duk shekara yana nan a sashe na 4, 5 da 6: majalisa, zartarwa, shari'a. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. Jerin kotuna tun daga Kotun Ƙoli har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, kowace da huruminta. Akwai kuma abin da na fi so yaro ya gani da idonsa. Sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta, amma yana cikin Babi na Biyu ne, shi kuma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotu a kan abin da ke wannan babin. Yaron da ya gane bambancin Babi na Biyu da na Huɗu ya wuce masu hadda nesa ba kusa ba, don ya san wane haƙƙi ake kai ƙara a kansa, wane ne sai dai a bi ɗan siyasa da shi ranar zaɓe.

Littafin tambaya da amsa kuwa, to, yana da rana in saura mako biyu a shiga WAEC, iyakarsa ke nan. Wanda na saya har yanzu yana cewa sai ɗan shekara 40 zai tsaya takarar shugaban ƙasa, alhali tun 2018 da Buhari ya sa hannu a kan gyaran nan na matasa aka mayar da shi 35, majalisar wakilai da ta jiha kuma daga 30 zuwa 25. Ƙaramin ɗana ya haddace tsohuwar amsa, malami ya buga masa kuskure a gwaji. Ɗanki ya ari na abokinsa in lokacin ya zo.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu sayar da littattafai a bakin titi da cikin kasuwa. Tsohon bugu suke sa wa sabon bango, su rubuta "an sabunta" da manyan baƙaƙe. Kada ki biya sai kin buɗe sashe na 131, mai maganar shekarun ɗan takarar shugaban ƙasa, a gabansa: in kin ga 40, ajiye masa kayansa. Ki kuma leƙa bayan sashe na 254, ya kamata ki ga 254A, inda aka shigar da kotun ma'aikata. In mai shagon ya ce har gyaran 2023 yana ciki, ki duba jadawali na biyu, don a gyaran ne aka ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Akwai kuma na hoto, wanda tawadarsa ta dushe, wani shafin ya maimaitu, wani babu shi sam. Ki bi shi shafi-shafi ko da mai shagon zai ɓata rai.

Turancinsa akwai tauri, wannan gaskiya ne, Turancin lauyoyi ne. Mu yadda muka yi, sashe ɗaya bayan isha'i, a karanta a faɗa da Hausa, a yi musu kaɗan. Ku fara da na 35 da na 36, su ne suka fi jan hankalin samari. Ana samun kundin kyauta a intanet, amma in kika ba shi waya don ya karanta, kin san inda zai ƙare.