Makullin murfin babban dosbin mai buɗe kansa: wata bakwai muna tare, ga abun da na gani

Gidan da nake haya a Kubwa fulat goma sha biyu ne, kuma tunda na yi kuskuren yin magana da yawa a mitin ɗin farko sai aka ce to Malam kai ne za ka riƙe mana harkar ruwa da shara da kuɗin maigadi, shikenan na zama sarkin bola ba tare da naɗi ba. Dosbin ɗinmu irin babban nan ne na roba mai taya huɗu, lita 1100, wanda tsayinsa ya kusa kai ƙirjin babban mutum, idan ya cika taf yana iya ɗaukar sama da kilo 400. Shi kansa dosbin ɗin ba ni da ƙorafi a kansa. Murfin ne ya hana ni sakat shekara guda cur.

Da damina iskar hadari ta taso sai ka ji fam! murfin ya wuntsila baya, ruwa ya cika ciki, da safe ka tarar da wata irin miya baƙa mai wari tana ɗiga ta ƙasa. Da rani kuma baban bola ne, ya zo da sassafe ya buɗe ya yayyaga ledoji yana neman gwangwani da robar lemo, ya tafi ya bar murfin a hangame, ƙuda da kyanwa da ɓera kowa ya zo ya ɗebi rabonsa. Ni ɓeran ne ya fi damuna, duk wanda ya san yadda zazzaɓin Lassa ke tashi a ƙasar nan da rani ba zai so ganin ɓera yana safa da marwa tsakanin bola da kicin ba. Sannan ga mutanen layin baya da suka mayar da dosbin ɗinmu na gwamnati, cikin dare su lallaɓo su juye nasu, mu ne da biyan kuɗin kwashewa.

Ba abun da ban gwada ba. Na ɗora bulo a kai, wata Hajiya a ƙasa ta ce ita bayanta ba zai iya ɗaga bulo kullum don zubar da shara ba, kuma da gaskiyarta. Na ɗaure da robar tiyub, rana ta cinye ta cikin sati uku. Na sa sarƙa da kwaɗo, nan ne ma aka yi abun dariya, motar shara ta zo bayan asuba Baba maigadi yana masallaci da makullin a aljihu, suka yi hon sau biyu suka wuce abunsu, muka kwana bakwai da shara har tana tsutsa. Mai walda kuma ya yi mini sakata ta ƙarfe, da yake roba ba ta waldawa sai ya huda ya ɗaure da noti, ba a yi wata biyu ba robar ta tsage daga wajen hujin.

Wani ƙanina da ke Jamus ne ya ce Yaya ai mu nan akwai wani makulli da ake sawa, masu sayarwa suna ce masa girabiti lok, ka nema. Na samu a wajen wani mai kawo kayan tsafta a cikin gari, ba shi da shi a shago sai da ya yi oda, kwana goma sha ɗaya na jira. Kuɗinsa ya kai na kwaɗo mai kyau guda biyar ko shida, har na ɗan yi tsaki lokacin da zan tura kuɗin don abun bai fi tafin hannu ba.

Yadda yake shi ne, gida biyu ne. Akwai ɗan akwati da ake ɗaurawa a jikin dosbin daga gaba ta ciki, sai wani ƙarfe mai kamar ƙugiya da ake ɗaurawa a jikin murfin. Kana sakin murfi ƙugiyar ta faɗa cikin akwatin ka ji ƙas, ya kulle kenan, sai da makulli. To dabarar tana cikin akwatin, akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke lilo a ciki, idan ka ɗauki akwatin a hannu ka juya za ka ji motsinsa. Muddin dosbin yana tsaye to ƙarfen yana zaune a inda yake, ƙugiya a riƙe. Amma da zarar motar shara ta kama dosbin ta ɗaga shi ta kifa, nauyin ƙarfen zai ja shi ya goce, ƙugiyar ta saku, murfi ya buɗe da kansa shara ta zube, ana sauke shi ƙasa murfin ya dawo ya sake kullewa. Ba sai direba ya riƙe makulli ba, ba sai an taso Baba daga masallaci ba. Wallahi wanda ya yi tunanin nan ya yi kai.

Ɗaurawar ba wuya amma tana son natsuwa. An haɗo da takarda mai zanen inda za a huda, ka manna ta da salatif ka huda daidai wajen. Wani yaro mai gyaran famfo ne ya yi mini da injin huji, minti arba'in. Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai, ku sa wasa mai faɗi a bayan kowane noti, ko ma ɗan faifan ƙarfe, don kada abun da ya samu sakatar mai walda ya same ku, robar nan duk kaurinta idan noti ya matse ta a waje ɗaya ana ta fizga to sai ta tsage. Kuma idan murfinku ya riga ya lanƙwashe saboda rana, ƙugiyar ba za ta dinga faɗawa daidai ba, mu sai da muka ɗan matsar da ita sau biyu.

Ranar da motar ta fara zuwa bayan an ɗaura, ni da jallabiyar barci na fito kallo. Yaran motar suka ja murfi suka ji gam, ɗaya ya ce Oga kawo makulli mana, na ce ku dai ɗora shi a mota. Suka kalle ni kamar na zautu. Suka turo shi, ƙarfen motar ya kama shi ya yi sama, yana kaiwa wajen kifawa murfin ya wangale. Direban har da saukowa ya zo yana leƙa akwatin yana cewa wannan kuma wane irin asiri ne. A watannin nan bakwai sau biyu kacal ya ƙi buɗewa a sama, kuma duk biyun laifinmu ne, an danna shara har ta tokare murfin daga ciki, ƙugiyar ta ɗaure tamau ta kasa sakuwa. Idan kun san gidanku ana cika dosbin har ya yi tozo to ku ƙara na biyu kafin ku sayi makulli.

Iska kam ta sha kashi, duk hadarin da aka yi a ƙarshen damina murfin bai ɗaga ba ko sau ɗaya. Mutanen layin baya ma sun haƙura bayan sun ajiye mana leda a gindin dosbin na kwana biyu don huce haushi. Ɓera ya ragu sosai amma kada wani ya ce muku makulli ne ke hana ɓera shi kaɗai, akwai wani huji a ƙasan irin wannan dosbin na fitar da ruwa idan an wanke, namu marfinsa ya ɓace tuntuni ban lura ba, ta nan suke shiga, sai da na toshe.

Hunturu ne ya fara nuna mini rauninsa. Ƙura ta shiga akwatin, ta haɗu da maiƙon miya da ke zuba a kai, makullin ya fara tauri sai ka yi ta murɗawa. Na yi kuskure na ɗura masa baƙin mai, abun ya ƙara cakuɗewa ya zama kamar kwalta. Abun da ya yi aiki shi ne ruwan zafi da omo da tsohon buroshi duk sati biyu, a bar shi ya bushe. Sai makullin kansa, irin mai baki kusurwa uku ne, guda biyu kawai aka ba mu ga gida goma sha biyu, kuma ba wani sirri a cikinsa, duk mai irinsa zai buɗe, mai filaya ma idan ya dage zai buɗe. Yana hana iska da dabba da mai wucewa ne kawai, ba ɓarawo ba. Sannan akwai satin da motar mai ɗagawa ta lalace aka turo tifa da mutane da shebur, to ranar dai mun koma gidan jiya, sai da aka nemo makulli. Wannan ya sa nake cewa idan a unguwarku masu kura ko masu baro ne ke kwashe shara da hannu, kada ku ɓata kuɗinku, kwaɗo na yau da kullum ya ishe ku tunda ba mai kifa dosbin ɗin.

Yanzu ga abun da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani.

Wata Asabar bayan an kwashe shara Baba maigadi ya wanke dosbin ɗin ya bar murfin a buɗe don ya sha iska, ya zagaya baya kunna injin ruwa. Yaran gida suna wasan ɓuya. Wani ɗan shekara shida ya taka bulon nan da na taɓa ɗorawa a kan murfi, wanda ban kawar ba, ya dira ciki, yayarsa kuma don ta taimake shi ya ɓuya da kyau sai ta turo murfin. Ƙas. Ita ba ta san ya kulle ba ta ruga abunta. Ƙarfe ɗaya na rana ne, a watan Maris, wanda ya san zafin Abuja a lokacin ya san me nake nufi, roba ce mai duhu a tsakiyar rana. Allah ne ya sa Baba ya dawo ɗaukar bokiti ya ji ana dukan roba daga ciki ana kuka. Ya ce mini hannunsa rawa yake har makullin ya faɗi ƙasa sau biyu. Bai fi minti biyar yaron ya yi ba amma an fito da shi sharkaf da gumi, uwar ta zo ta rungume shi tana salati, ni kuwa da aka kira ni a waya ƙafata ta kasa ɗaukata, don ni na kawo abun nan gidan da hannuna.

Da dare na ɗauki tocila na leƙa cikin dosbin ɗin na duba akwatin ta ko'ina. Babu wani abu da mutum zai taɓa daga ciki ya buɗe. Sumul. Na kira wanda ya sayar mini na ce Alhaji abun nan ba a buɗe shi daga ciki? ya ce ai shara ba ta buɗe ƙofa, yana dariya. Ban yi dariyar ba.

Abun haushin shi ne ba sabuwar matsala ba ce a duniya. A Amurka firij ɗin da can yana da sakata mai kullewa daga waje, yara suna shiga tsofaffin da aka yar suna wasa su mutu a ciki, har sai da aka yi doka a 1956 cewa dole a iya buɗe firij daga ciki, daga nan ne ƙofar firij mai maganaɗisu ta zama ruwan dare, irin wadda ke gidan kowa yau. A Turai ma ƙa'idar da ake ƙera waɗannan dosbin a kanta, EN 840, ta yi magana a kan masu murfi mai zuwa kamar kwando da ake turawa baya, wanda sifirin ke dawo da shi, an ce dole ya tsaya ya bar tazarar kusan santimita 18 kada ya datse wuyan yaron da ya leƙa, sai babba ya rufe sauran da gangan. A Ingila kuma ana koya wa masu motar shara su bubbuga babban dosbin su leƙa kafin su ɗaga, saboda marasa gida na shiga su kwana lokacin sanyi. Wato mutane sun daɗe da sanin cewa ɗan Adam na shiga inda aka yi don shara, amma aka sayar mini da makulli mai kulle kansa ba a ko ambata mini ba, ni ma kuma ban tambaya ba, wannan nawa ne.

Na cire shi washegari. Ƙanina ya aiko mini da wani ta hannun mai zuwa gida, aikinsu ɗaya sak, sai dai wannan yana da ɗan hannu mai launi a jikin akwatin ta ciki, kana tura shi ƙugiyar ta saku. Na tara yaran gidan gaba ɗaya da iyayensu na nuna musu, na ce ba wanda zai shiga, amma ga shi ku gani. Ni da kaina na shiga aka rufe ni na gwada a cikin duhu, da laluben hannu na same shi, matan gida suna ta dariya wai sarkin bola ya shiga fadarsa. Bulon kuma na sa an fasa.

Idan maki ne, na farkon biyu cikin biyar zan ba shi duk da ya yi aikin da aka saye shi dominsa, na biyun huɗu, ɗayan na riƙe saboda ƙurar hunturu da rowar makulli. Kafin ku biya ku sa mai shago ya buɗe kwalin, ku juya akwatin ku ji motsin ƙarfen, ku nemi abun buɗewa ta ciki da idonku, idan ya ce babu ku ajiye masa kayansa.

Baban bola kuwa mun sasanta da shi, mun rataye buhu a gefen katanga kowa na jefa robar lemo da gwangwani a ciki, yana zuwa Talata da Juma'a ya ɗauka ya bar mana buhun. Baba maigadi har yau idan zai rufe murfin sai ya ƙwanƙwasa jikin dosbin sau uku ya ce akwai mutum? ko da shi ya gama wanke shi yanzun nan.