Gargaɗi ga masu gitar bes a Kumasi: ku yi hattara da masu alƙawarin kashe ƙugi

Salamu alaikum 'yan'uwa makaɗa da masu ba da hayar kayan sauti, na Aboabo, Asawase da sauran zangunanmu. Akwai wasu da ke tallata kansu a WhatsApp cewa za su kashe ƙugin gitar bes ɗungurungum, a tura rabin kuɗi ta MoMo (tura kuɗi ta wayar salula), washegari a karɓi gita shiru kamar ruwa ya cinye ta. Yawancin abin da suke yi cuta ce, kuma akwai wani ɓangarensa da ke iya ɗaukar rai.

Ga yadda suke yi. Su buɗe ramin da wayoyi suke, su shafa baƙin fenti irin na ƙofa, ko su manna takardar alminiyom ta naɗe abinci, su rufe. In ka leƙa, sai ka ga aiki tsaf. Wai garkuwa ke nan, wato shimfiɗar da ke kare wayoyin gita daga ƙara. Amma garkuwar da ba ta ɗaukar lantarki, ko wadda ba a haɗa ta da wayar ƙasa ba, ado ce kawai. To, me ya sa ƙugin ke raguwa a gabanka ranar gwaji? Wani ya murɗe ton, wato maɓallin kaifin sauti, zuwa ƙarshe don ya danne sautin sama. Wani kuma, wanda shi ne mugun, ya buɗe filogin amfilifaya ya cire wayar nan mai launin kore da rawaya, ya mayar da murfi. Ƙafa uku na nan daram a waje, a ciki babu komai. Idan amfilifaya da miksa suna haɗe, hakan kan rage ƙugi nan take, sai ka ɗauka fentin ne ya yi aiki.

Wutarmu a Gana bolt 230 ce. Wayar nan mai kore da rawaya ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan wani abu ya lalace cikin amfilifaya, har fis ya ƙone. In babu ita, wutar za ta bi jikin amfilifaya ta shiga kebul, ta hau tsirkiyar da ke ƙarƙashin yatsunka, kai kuma leɓenka na kan makirfo, tafinka sharkaf da gumi. Irin wannan ce ta kashe Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, a gidansa a Ingila a 1976. Don Allah, kowa ya taɓa kai kayansa wurin irin waɗannan mutane ya kwance filogi yau ya duba. In ƙugin daga haɗuwar amfilifaya da miksa yake, akwatin DI (ƙaramin akwatin da ake sakawa tsakanin kayan kiɗa da miksa) mai maɓallin ɗage ƙasa ne maganinsa, domin layin sauti yake rabawa, ba ya taɓa wayar tsaro.

Kalmar “ɗungurungum” ita kanta ta isa ta tona su. Ƙara iri biyu ce. Akwai ƙugi mai kauri, wanda ke bin bugun wutarmu sau 50 a daƙiƙa, yana fitowa daga maganaɗisun taransifoma ya shiga fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya. Akwai kuma zizar nan mai kaifi ta fitilar fuloresan da cajar waya. Garkuwa ta biyun take ragewa sosai, na farkon kuwa ba ta iya masa. Mai gitar bes samfurin Jazz Bass ya buɗe bolum biyun daidai da juna, zai ji ƙugin ya faɗi, saboda an naɗe fikof ɗin biyu akasin juna. Ya rufe ɗaya, ƙugi ya dawo. Haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce. Samfurin Precision kuwa tun 1957 take da tsagaggen fikof mai kashe ƙuginsa da kansa.

Kafin ka ba kowa sidi ɗaya, gwada da hannunka. In ka taɓa tsirkiya ƙara ta ragu, wayar birij, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiya, lafiya take. In ba ta ragu ba sai ka taɓa ƙarfen jak (inda ake cusa kebul), wayar da ke ƙarƙashin birij ta tsinke ko ta daina taɓa ƙarfe, gyaran 'yan mintoci ne. In kuwa taɓawa ƙara tsananta ta yake yi, an juya wayoyin jak ne.

Aikin gaskiya ga shi. Tef na jan ƙarfe ake shimfiɗawa a ramin bolum da na fikof, ƙasa da bango, kowane yanki ya hau na kusa da shi da kamar milimita 5. A nan ake yawan faɗuwa, don wani tef ɗin gam ɗinsa ba ya wuce da lantarki, sai kowane yanki ya zauna shi kaɗai. Sai an ɗiga dalma a kowace mahaɗa. Alminiyom ba ya kama dalmar da muke amfani da ita, shi ya sa nasu ke zama a sake. A bar ɗan leɓen tef ya fito bakin rami don ya taɓa wanda aka manna a bayan murfi. Ramin fikof a haɗa shi da na bolum da 'yar waya, sannan waya ɗaya daga garkuwa zuwa bayan fot ɗin bolum, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓallin bolum. A kula kada bakin jak ko ƙafar fot mai ɗauke da sauti ta taɓa jan ƙarfen, in ta taɓa gita za ta yi gum. Guntun tef na roba a wurin ya wadatar. Fentin garkuwa na ainihi akwai shi, mai garin kabon, amma shafi biyu zuwa uku yake so, kowanne ya bushe kafin na gaba.

Ranar karɓar gita, ka je da maltimita, ko ta aro ce. Ka ce, “Maigida, a buɗe murfi mu auna.” Tsinke ɗaya a ƙarfen jak, ɗaya a birij, sannan a kowane lungu na garkuwa. Jan ƙarfe zai nuna om ɗaya ko ƙasa da haka, fentin kabon ya fi haka amma dole ya nuna lamba. Fentin ƙofa ba zai motsa mita ba ko kaɗan. Sannan ka zare amfilifaya daga soket, ka auna daga doguwar ƙafar filogi zuwa ƙarfen jikinta. In mita ba ta yi kuka ba, kada a sake kunna ta sai an mayar da wayar.