Ziyarar gonar kakawo a Kwaddibuwa: inda ta biya kuɗinta da inda ta gaza

Ƴan Adar masu kai da kawo tsakanin Tawa da Abijan, da matan Yamai masu sana'ar kek da kayan zaƙi, sukan tambaya ko ziyarar gonar kakawo, wato koko, ta cancanci kuɗinta. Ta cancanta, amma da sharaɗi: a je lokacin girbi, kuma kafin a biya a tabbatar akwai tulin ƙwaya a rufe wanda za a buɗe a gaban baƙi. In babu wannan, kuɗin shan inuwa kawai aka biya.

Wadda nake sharhi a kanta ziyarar yini guda ce, ta wata ƙungiyar manoma a yankin Dibo, yamma da Abijan, yankin da cibiyar binciken noma ta ƙasar, CNRA, take da tashar aikin kakawo. Tsarin kashi uku ne: zagayen gona da safe, wurin tsimi da shanya kafin azahar, sai darasin haɗa shokola da yamma. Babban girbi daga Oktoba zuwa Maris yake, ƙarami kuma daga Afrilu. Nuwamba da Disamba sun fi, don a lokacin kowane mataki yana gudana a rana guda. A tafi da takalmin roba mai tsawo da riga mai dogon hannu saboda cinnaku da sauro, kada kuma a manta katin allurar shawara. Kuɗi dai sefa ɗinmu ce, babu canji.

Zagayen gonar ba shi da laifi. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne furen ba a ƙarshen reshe yake fitowa ba, a jikin kututture yake, ƙanana farare, kuma wasu mitsi-mitsin ƙudaje ne ke yi masa barbara. Kaɗan ne daga cikin dubban furanni ke zama ɗa, ɗan kuma sai ya yi wata 5 zuwa 6 kafin ya nuna. Kore yakan koma rawaya, ja kuma ya koma ruwan lemu. Ana yanke shi da adda, ko da lauje mai doguwar ƙota in yana sama, ba a fizga, domin gurbin da ya fito nan ne fure zai sake fitowa baɗi. In aka yage wurin, an kashe shi. Mai jagoran ya nuna ƴaƴan da suka yi baƙi saboda ciwon ruɓa da damshi ke kawowa, ya kuma nuna itacen da rassansa suka kumbura, cutar da wasu ƙwari masu farin gari a jiki ke yaɗawa, wadda ba ta da magani sai sarewa. A nan ya nuna ya san aikinsa.

Masu tunanin ɗauko iri su gwada a fadama ko bakin Isa su haƙura. Itacen yana son ruwan sama milimita 1,500 zuwa 2,000 a shekara, da inuwa da iska mai laima. Yamai da kyar take samun 600, Tawa ko hakan ba ta kaiwa, kuma hunturu kaɗai ya isa ya ƙone ganyen. Ban-ruwa ba ya maye laimar iska.

Fasa ɗan kakawo da kulki ake so, ba da adda ba, don kaifi yana yanka ƙwaya, ƙwayar da ta ji ciwo kuma ita funfuna ke fara shiga. A ciki akwai ƙwaya 30 zuwa 40 lulluɓe da farar tsoka mai yauƙi, mai zaƙi da ɗan tsami. A tsotsa, kada a tauna: ɗanyar ƙwayar ɗaci ce da bauri, cikinta shunayya, ko alamar ƙanshin shokola babu. Lissafin da ya kamata mai sana'a ya riƙe shi ne, sai an fasa ɗa 20 zuwa 25 kafin a sami kilo guda na busasshiyar ƙwaya, kuma kilo 100 na ɗanya ba ya wuce kilo 40 in ya bushe.

Wurin tsimi shi ne ya biya kuɗin ziyarar gaba ɗaya. Ana shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa mai ɗan gangare, a tula ƙwayar da yauƙinta a ranar da aka fasa, a naɗe ta da wani ganyen, a danne da itace. Wasu akwatin katako mai huda a ƙasa suke amfani da shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa zai gane abin nan take: zafi da lokaci ne ke aikin, ba hannu ba. A kwana biyun farko yis ɗin da ke cikin iska da jikin ganye yana cinye sukarin yauƙin, ruwa na tsiyaya ta ƙasa. Bayan awa 48 sai a buɗe a juya, na gefe ya koma tsakiya, iska ta shiga. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da abin binegar, zafin tulin ya hau digiri 45 zuwa 50. Ana sake juyawa bayan wasu awa 48, a kwana na 6 a kwashe. (Masu tambaya a kan barasar da yis ke fitarwa: ita ce ke komawa binegar ɗin, saura kuma ya tashi a shanya da gashi.)

An bari mun tura hannu cikin tulin kwana huɗu. Zafinsa yana sa a zaro hannu da sauri, warin tsamin yana hawa hanci har ido ya kawo ruwa, farin yauƙin nan ya tsinke ya koma ruwan ƙasa. Wannan zafi da tsamin ne ke ratsa ɓawo su kashe ƙwayar, ɗaci da bauri su ragu, abubuwan da gashi zai mayar ƙanshi su samu. Ƙwayar da ba ta tsimu ba, duk tsadar injin da aka kai ta ba zai gyara ta ba. Matsalolin ma a nan suke taruwa. Tuli ƙarami ba ya riƙe zafi. Wanda ba a juya ba, tsakiyarsa ta nuna gefensa ya zauna ɗanye. Wanda ya zarce kwanakinsa yana ɗaukar warin ruɓa. Manomi mai gaggawar kuɗi kuma yakan kwashe a kwana 3, ko ya shanya ba tsimi sam, tunda mai saye da kilo yake biya.

Shanya a kan gadon gora ko tampol ake yi, a baza ba kauri, a riƙa motsawa ana tsince ɓawo da ƙwayoyin da suka manne, a rufe da dare ko in hadari ya taso. Mako guda ne in rana ta yi, har biyu in ana ruwa. Abin da ake nema laimar cikin ƙwaya ta sauko kashi 7 zuwa 8 cikin 100. Alamarta a hannu, in aka damƙi ƙwayar aka matse sai a ji tana ƙaras-ƙaras. In ta bushe da sauri ɓawo ya rufe, tsami ya maƙale a ciki; in ta yi jinkiri, funfuna. Wadda aka shanya a bakin kwalta ko kusa da hayaƙi tana kwashe warin, don fiye da rabin nauyinta mai ne.

Abu mafi amfani da mai saye zai koya shi ne gwajin yanka. A ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a tsaga kowace a tsaye da wuƙa, a jera. Ta kirki ruwan ƙasa ce mai tsattsagewa a ciki. Shunayya mai santsi tsiminta bai kai ba. Toka-toka mai tauri ba ta ga tsimi ba ko kaɗan. Sai mai farar funfuna, da wadda ƙwaro ya ci, da wadda ta fara tsiro. In toka-toka da masu funfuna suka yi yawa, a bar buhun komai arharsa. Wannan gwaji sai da aka roƙa aka yi shi, alhali shi ya kamata a sa a gaba.

Darasin yamma shi ne ya gaza. An gasa ƙwaya a kasko bisa itace, aka murje, aka sheƙe ɓawo, aka daka a turmi da sukari, aka zuba a mazubi aka sa a firigo. Abin da ya fito yana da ƙanshi, amma yana da tsakuwa-tsakuwa a harshe, yana kuma narkewa a yatsa kafin ya kai baki. Yara za su ji daɗinsa. Mai niyyar sayarwa bai ƙaru da komai ba. Ba a kawo ma'aunin zafi ba, ba a faɗi awo ba, ba a ambaci daidaita man kakawo ta hawa da saukar zafi ba, wanda shi ne rabin sana'ar. Takardar tallar ta ce za a koyi yin shokola, gaskiyarta a ce za a ga yadda ake dakan kakawo.

Ga abin da ya kamata a ce an faɗa. Gashi a tanda ake yi, digiri 120 zuwa 140, minti 20 zuwa 30, har warin binegar ya tafi ɓawo ya saki. Wannan gashin ne kuma ke kashe ƙwayoyin cutar da aka kwaso a wurin shanya, don haka kada a ci ɗanya. Bayan an fasa an sheƙe, kilo guda yakan bar gram 750 zuwa 800 na tsaki. Kilo guda na baƙar shokola mai kashi 70 shi ne tsaki gram 650, man kakawo gram 50, sukari gram 300. Mai madara kuma, tsaki 300, mai 200, madarar gari 200, sukari 300. Madarar ruwa ba ta shiga, zuma ma haka, domin ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya dunƙule kwano guda ya koma dambu. Injin markaɗen gyaɗa na unguwa yana yin zagayen farko, in an yarda da ƙanshin tattasan wanda ya riga ka, amma laushin gaske sai injin dutse mai juyawa, awa 24 zuwa 48, har ƙwayar garin ta sauko wajen maikiron 20 (maikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), inda harshe ba ya jin ta. Wannan dogon juyi shi Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro a Suwis a 1879, kuma yana fitar da ragowar tsami.

Daidaita mai kuwa hawa uku ne. A narkar da baƙar shokola zuwa digiri 45 ko 50, a sauko da ita 27 ko 28 ana juyawa ba tsayawa, a sake ɗaga ta 31 zuwa 32, sannan a zuba a mazubi a bubbuga iska ta fita. Mai madara a rage digiri ɗaya ko biyu a hawa na ƙarshe. In an dace, tana sheƙi, tana fita daga mazubi da kanta, tana ƙara in an karya. In an kuskure, bayan ƴan kwanaki sai farin dusa-dusa ya fito mata.

A nan ne ƙasarmu ke shigo da nata. Man kakawo yana narkewa wajen digiri 34, Yamai da Tawa kuwa a Afrilu da Mayu sun saba wuce 40. Ɗakin da ya haura 27 ba zai bari a sauko da shokolar hawa na biyu ba sai da kwanon ruwan sanyi a ƙarƙashi, ga haɗarin ɗigo. Don haka ko ɗaki mai na'urar sanyaya, ko a yi aikin da asuba a Disamba da Janairu, tagogi a rufe saboda ƙura. Ajiyarta digiri 15 zuwa 18 take so. Firigo ya yi mata sanyi da yawa, kuma in kuran ya ɗauke ya dawo, raɓa na kwanta mata ta narkar da sukarin sama, ya bushe ya bar fari mai kaushi. Dabarar ita ce a nannaɗe ta a sa a roba mai murfi, in an fito da ita kada a buɗe sai robar ta huce. Shi ya sa yawancin masu arha da ke cikin kantunanmu garin kakawo ne da man itatuwa mai jure zafi, wanda ke mannewa a dasashi.

Batun sayen ƙwaya a gonar, a tambayi farashi tun kafin a auna. Hukumar kofi da kakawo ta ƙasar ce ke yanke farashin bakin gona kowace kaka. A Oktoban 2024 sefa 1,800 ne kilo, jika guda da dala 160 ke nan, shekarar da tan guda ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar duniya. Ƙwayar da aka zaɓa wa baƙi ta fi farashin hukuma tsada, kuma in ta ci gwajin yanka ba a yi asara ba. Fitar da buhu-buhu daga ƙasar sai mai lasisi. Ɗan abin gwaji a zuba shi a buhun algarara ko na yadi, ba leda ba, a kuma nisanta shi da kayan yaji, busasshen kifi da jarkar mai a cikin mota. Busasshiyar iskar Tawa tana riƙe ƙwaya watanni ba funfuna, in dai buhun yana kan katako ba a ƙasa ba, ana kuma duba shi saboda asu.