Burokolin Muda Lawal da kwalayen ruwan inabin 'yan dubiya

Satin da aka sallamo Inna daga asibiti, kwali bakwai na ruwan inabi na ƙirga a gefen gadonta. Kowa ya zo dubiya da shi yake shigowa, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai likita ya riga ya gaya mana sukarinta ya hau, a rage zaƙi, a yawaita ganye.

Na ɗauki kwali ɗaya na duba bayansa. An rubuta ba a ƙara sukari ba, kuma ban ce ƙarya suka yi ba, amma inabi da zaƙinsa yake zuwa. Kofi ɗaya na mililita 250 yana ɗauke da sukari wajen giram 36, kusan cokalin shayi 9 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sukarin ruwan 'ya'yan itace cikin wanda za a taƙaita, babban mutum kada ya wuce kamar giram 50 a yini. Ga shi an tace tuƙar an zubar, ita da ke hana sukari rugawa cikin jini.

Wannan ya kai ni neman ganye a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, rumfar wani dattijo mai kayan lambu da ke sauke burokoli, wani kayan lambu kore mai kama da ƙaramar bishiya, daga Jos. Ban taɓa saya ba, na tsaya ina juya shi kamar baƙuwa. Ya karɓa daga hannuna ya ajiye gefe, ya miƙo wani.

"Hajiya, wancan ya fara rawaya, bar mini abina. Ɗauki wannan mai kore shar, kin ga kansa a dunƙule yake."

Na ce, "Baba, yaya ake dafa shi?" Ya ce in jiƙa shi a ruwan gishiri tukuna, don ƙananan tsutsotsi kan ɓuya a ciki. Da gaskiyarsa, biyu suka taso saman kwanon.

A giram 100 na ɗanyen burokoli akwai bitamin C kusan miligiram 89, ya fi na lemon zaƙi, ga faiba, wato tuƙa, giram 2.6, sukarinsa kuwa bai kai giram 2 ba. Tafasa shi cikin ruwa mai yawa na wanke bitamin ɗin, shi ya sa nake turara shi a madambaci minti biyar kawai. Ranar farko Inna ta ture kwanon, wai ita ba ta cin ƙaramar bishiya. Washegari na kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir kamar kwaɗon zogale, ta cinye har tana tambayar saura.

Inda rumfar ta gaza: ba kullum ake samu ba, na yi zuwa biyu na koma hannu rabbana. Yana da tsada in aka gwada da alayyahu ko zogale, waɗanda su ma ba baya ba ne wajen amfani. Kuma zafin Bauchi ba ya raga masa, in babu wuta kwana biyu ya yi yaushi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tambayi likita kafin ya yawaita ci, saboda bitamin K ɗinsa da yawa.

Yanzu da safe nake zuwa, in sayi na kwana biyu kawai. Kwalayen inabin kuwa saura huɗu, sai Juma'a in jikoki sun zo ake buɗe ɗaya, kowa rabin kofi.